Hayar kat-kat daga Tawa zuwa tudun Adar: abin da ya yi kyau da abin da ya rage

A Tawa akwai masu ba da hayar kat-kat, wato mota mai jan ƙafa huɗu, da direbanta na yini guda, a fita bayan sallar asuba a dawo kafin magariba. Irin wannan hayar na yi amfani da ita zuwa tudun Adar ta hanyar Tamaske da Keita, kuma ra'ayina a kanta bai da tsawo: direban ya san aikinsa, motar tana da ƙarfi, amma tsarin hayar an yi shi ne don mai zuwa biki ko kasuwa, ba don mai son hawa dutsi ba. Wanda bai gyara wannan da kansa tun a wurin ciniki ba, zai biya kuɗin ganin tudu ya dawo da ganin bakin hanya.

Mai tasowa daga Yamai ya ware yini guda na tafiya kawai. Kusan kilomita 550 ne ta Doso, Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni, a karkata arewa a mararrabar Tsarnawa a bi ta Badagishiri. Motocin safa suna yin wannan hanya kullum, don haka babu dalilin ɗauko haya tun daga Yamai. A kwana a Tawa, a ɗauki direban da ya tashi a ƙasar. Daga Tawa zuwa Keita kilomita 70 ne da ƴan kai, kuma babbar hanyar ba ita ce wahalar ba. Wahalar tana farawa ne inda aka sauka daga kanta aka nufi gindin dutsi.

Adar ba dutsi ɗaya ba ne mai tsini. Tudu ne shimfiɗaɗɗe, samansa marmara da baƙar tsakuwa, wanda ruwa ya daddatsa ya bar kwaruruka masu faɗi a tsakani, irin kwarin Keita da na Badagishiri da Majiya. A wasu wuraren tsayinsa ya haura mita 600. Daga sama, idan ƙura ba ta rufe ba, ana ganin fako ja yana gangarawa zuwa jigawa, jigawa kuma zuwa fadama inda lambunan albasa suke kore shar a tsakiyar rani. A saman kuwa babu inuwar kirki: geza, sabara, anza, aduwa jefi-jefi. Wannan fili da iskarsa su ne abin da ake zuwa gani, kuma sun cancanci kuɗin mai.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne gangaren. Ƙarƙashin marmarar akwai farin dutsi, irin wanda ake yin siminti da shi a Malbaza, kuma a cikinsa ana tsintar bawon halittun teku da suka zama dutsi, shaidar cewa ruwan teku ya taɓa rufe wannan ƙasa. Daga cikin mota ba a ganinsu. Sai an sauka an bi gefen ƙorama da ƙafa ana duban inda zaizaya ta tone. Haka ma aikin Furoje Keita na farfaɗo da ƙasa, wanda aka fara a 1984 bayan fari, da kuɗin Italiya da hannun FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, mata ne mafi yawan masu aikinsa ana biyansu da abinci. Jerin duwatsu da aka dasa a gangare don rage gudun ruwa, ramukan dashen itace, ƙananan madatsu a bakin ƙoramu, duk suna nan. Wasu sun riƙe ƙasa har itace ya girma a bayansu, wasu ruwa ya fasa ba a gyara ba. Mai ido zai koyi abu da yawa daga waɗanda suka fashe: kusan kullum daga gefe ruwa yake zagaye madatsa, ya ci ƙasar da take jingine da ita, sannan ginin ya faɗi.

A nan ne hayar ta gaza. Direba direba ne, aikinsa ya kai ka ya dawo da motar mai gidansa lafiya. Ba zai ce maka tsaya nan ka ga tassa ba. Tassa kuwa, ramukan nan masu faɗin taƙi ɗaya ko fiye da ake zuba taki a shuka hatsi a ciki, da rabin wata da ake haƙawa bakinsa na fuskantar inda ruwa ke gangarowa, su ne suka mayar da fako gona a ƙasar Illela da Keita. Ɗan jagora ake bukata, kuma ba a cikin kuɗin hayar yake ba. Hanyar samunsa ita ce ta al'ada: a tsaya ƙauyen da ke gindin dutsin, a gaida mai gari, a faɗi abin da ya kawo mutum, shi zai haɗa ka da wanda ya san turbobin makiyaya. A yi masa alheri mai kyau. Hawa ba sallama yana jawo tambayoyin da ba a bukata, musamman ga mai ɗaukar hoto, kuma kada a ɗauki hoton mata a bakin rijiya ko a gona ba tare da izini ba.

Game da motar, abubuwa uku ne za a duba da ido kafin a ba da kuɗi, ba a ji a bakin mai haya ba. Na farko taya. Wadda aka ba mu safaya ɗaya gare ta, kuma wannan kuskure ne a Adar, domin tsakuwar saman tudu tana da kaifi, gefen taya take yankawa, yankan gefe kuwa ba ya faci. Biyu ake bukata, da jak mai aiki, da guntun katako mai kauri da za a ɗora jak ɗin a kai, don a rairayi nitsewa yake. Na biyu famfon iska. A cikin rairayin ƙorama ana rage iskar taya zuwa wajen kilo 1 da rabi don ta shimfiɗu, amma da an fito kan dutsi dole a mayar da ita kilo 2 da rabi, in ba haka ba tayar da aka sassauta ita ce farkon fashewa. Direba marar famfo ba ya rage iska, sai ya shiga da gudu, nan ne ake kafewa. Na uku a sa shi ya saka ƙafa huɗu a gabanka ka ji ta kama. Motoci da yawa sunan kat-kat kawai ya rage musu. Shebur da igiyar ja su ma su shiga.

Maganar gazuwal a gama ta tun a Tawa. Kuɗin haya daban, mai daban, kuma idan ba a faɗa ba rigimar tana jiran ka da yamma. Zuwa da dawowa da kewaye-kewayen cikin daji yana iya kaiwa kilomita 200. Irin waɗannan motoci suna shan lita 12 zuwa 15 a kilomita 100 a hanya marar kyau, wato wajen lita 30, sai a sa 40 saboda rairayi da ɓatan hanya. A cika a gidan mai, domin na kwalba a ƙauye yakan zo da ruwa ko datti ya toshe filta. A kuma yi yarjejeniya a kan awa, ba a kan gari ba. In aka ce "zuwa Keita", da an isa Keita direba ya gama nasa. A ce masa za a tsaya awa 3 ko 4 a dutsi, motar na jira a ƙasa.

Lokaci ya fi komai muhimmanci. Daga ƙarshen Oktoba zuwa Disamba ne mafi kyau: an girbe hatsi, ciyawa ba ta ƙare ba, tafkuna da sauran ruwa, zafi ya sauka. Janairu da Fabrairu akwai sanyi mai daɗin tafiya, sai dai hazo yana iya rufe kwarin gaba ɗaya, ka hau ka ga fari fat. Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40, kuma baƙar tsakuwa tana mayar da shi fuska. Ban ba kowa shawarar hawa a lokacin ba. Damina ita ce mafi kyan gani kuma mafi haɗari. Marmara ba ta shan ruwa, abin da ya zuba a sama duk gangarowa yake a lokaci ɗaya, sai ƙoramar da ke bushe da hantsi ta cika ta tumbatsa alhali ko ɗigo bai sauka inda kake ba. Direbanmu yana da ƙa'idar da na yaba: ba ya ajiye mota a cikin ƙorama ko da inuwarta ta fi, kuma ba ya shiga ruwa mai gudu sai ya ga ƴan gari sun ƙetare da ƙafa.

Hawan kansa bai da tsanani, rabin awa zuwa awa guda ga mai matsakaicin ƙarfi, amma saukowa ta fi kayar da mutane saboda tsakuwa na mirginawa ƙarƙashin ƙafa. A sauko a karkace, ba kai tsaye ba. Takalmi rufaffe mai tauri, ba silifa ba, ga ƙarangiya a lokacin kaka, ga kububuwa da kunama a ƙarƙashin duwatsu; kada a sa hannu a ɗaga dutsi, a ture shi da sanda. Ruwa lita 5 ga kowane mutum, da bido na lita 20 a mota wanda ba a taɓawa sai lagireto ya nema ko an kwana a hanya. Rawani ko malafa dole ne. A fara hawa kafin ƙarfe 8, a sauko kafin azahar.

Rezon waya yana kamawa a saman tudu, yana ɓacewa a cikin kwari, don haka a sanar da wani a Tawa hanyar da za a bi da lokacin dawowa. A riƙe katin shaida saboda shingayen jandarma, a kuma tambaye su halin hanya kafin a sauka daga babbar hanya. Arewacin jihar Tawa, wajen Tiliya da Tasara, an sa shi ƙarƙashin dokar ta-ɓaci a 2017, kuma ba wurin yawon buɗe ido ba ne, ko direba ya ce ya san hanya. Ƙarfe 4 na yamma a kama hanyar Tawa, domin bayan faɗuwar rana amalanken shanu da na jakuna suna dawowa daga gona ba fitila.