Lokar difarenshal ɗin gaba: ta fitar da ni daga laka, amma da sauran magana

Masu shiga gona da mota a damina, ga abin da na gani bayan na sa wa tawa loka a difarenshal ɗin gaba, wato akwatin giyar da ke raba juyi tsakanin tayoyin gaba biyu. Hilux ce ƙirar 2012, aikinta kai taki da maganin feshi daga Kaduna zuwa gonarmu can bayan Pambeguwa, kan hanyar Saminaka. A kwalta ba ni da kuka da ita, wahalar daga inda aka sauka titi take farawa.

Duk wanda ya taɓa kafewa ya san takaicin nan: ka sa giyar taimako, amma tayar gaba ɗaya da ta baya ɗaya ne kawai ke wulwulawa suna watsa laka, waɗanda ke kan ƙasa mai ƙarfi sun tsaya cik. Haka difarenshal yake, da zarar taya ɗaya ta rasa abin kamawa sai juyin ya tafi wajenta. Loka ita ke ɗaure tayoyin biyu su juya tare. Cikin ire-irenta, na ƙi mai kulle kanta da kanta, domin a gaba tana sa sitiyari tauri duk lokacin da kake cikin giyar taimako. Ta lantarki, irin ta Eaton, an ce sai na jira a kawo. Sai na ɗauki ta iska, mai aiki da kwamfuresa da maɓalli, tsarin da kamfanin ARB na Ostireliya ya yi suna da shi.

Ranar da ta biya ni kuɗina a watan Agusta ne. An kwana ana ruwa, ga mota shaƙe da buhunan taki, muka iso mashigin rafin da ke gab da gonar. Ruwa ya zaizaye gaɓar wancan tsallaken, ya bar rami a hagu, ga jar laka mai santsi. Muna fara haurawa tayar gaba ta dama ta tashi sama, ta baya ta hagu ta nutse, mota ta ce ba ta san zance ba. Yarona ya ce, "Maigida, mu sauke kayan nan tun da sauran rana." Wani dattijo da ke jiran wucewa da shanun huɗa ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, wannan sai dai tarakta." Na miƙe sitiyari, na danna maɓalli, na ji fis ɗin iskar nan, na saka giya ta ɗaya, ban ma taka totur sosai ba. Wallahi sai na ji motar ta ciji ƙasa da tayar hagu ta ja kanta sama a hankali, kamar ingarma ya hau tudu. Ko buhu ɗaya ba mu sauke ba. Dattijon nan har leƙa ƙarƙashin motar ya yi yana salati. Na yi shekaru ina biyan samarin ƙauye kuɗin turi a wannan mashigin, ranar nan kuwa daɗin da na ji ba ya misaltuwa, na dawo gida ina ba kowa labari.

Sai dai duk lokacin da na tuna aikin da aka yi mini wajen ɗaura ta, raina yana ɓaci. Bakaniken da mai shagon da na sayi lokar ya haɗa ni da shi ya bi da tiyon iskar ta kusa da salansa. Zafi ya narka shi, kwamfuresa ta dinga tashi tana mutuwa, lokar ta ƙi kamawa a daidai lokacin da ake kwaso masara. Ga wani kuka da difarenshal ɗin ya fara, wanda da babu shi. Da na kai wa wani tsohon hannu, ya buɗe ya nuna mini ba a auna tazarar haƙoran giyar da ma'auni ba, da ido aka daidaita. Aikin da aka karɓi kuɗinsa cif!

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne ba wanda ya ce mana kada a murɗe sitiyari har ƙarshe alhali lokar na kunne. Gaban wannan mota kowace taya da shaf ɗinta mai gaɓa, kuma idan aka kulle, ƙarfin injin duka yana iya tattaruwa a kan guda ɗaya. Ƙanena ya shiga kwana da ita a kunne ya ba ta wuta, sai ji ya yi ƙas, shaf ya karye. Sai a kasuwar Panteka ta Kaduna muka samo wani. Da na koma na yi wa mai shagon magana, buɗar bakinsa sai ya ce, "Ranka ya daɗe, ai kowa ya san wannan." To in kowa ya sani, me zai hana ka faɗa lokacin da kake ƙirga kuɗina?

Shi tsohon hannun nan ya ce da wajensa na fara zuwa, ta baya zai ce in sa, domin aksil ɗin baya ya fi ƙwari, can nauyin kaya yake, kuma ba ruwansa da sitiyari. Shi ya sa ma wasu Hilux na 2015 zuwa sama da ta baya suke fitowa daga kamfani. Yanzu ita nake tara wa kuɗi. Ta gaban ba zan cire ba, amma a miƙe kawai nake kunna ta, ina haurawa in kashe. Kuɗin tiyo da na gyaran haƙora kuwa har yau mai shagon bai ce mini uffan a kai ba.