PubMed ko Google Scholar: wanne za a dogara da shi wajen neman mujallun likitanci?

Malama, kin ce kina rubuta kundin digiri na biyu kan ba yara masu sikila maganin hydroxyurea, Google Scholar ya zubo miki sakamako dubbai, PubMed kuma kamar ya yi rowa, kina tambayar wanne za ki riƙe. Ki yi girbi a PubMed, ki yi kala da Google Scholar. Ga dalili.

PubMed na Ɗakin Karatun Likitanci na Ƙasar Amurka ne, kyauta ga kowa tun 1997, yana ɗauke da bayanan muƙalu fiye da miliyan 35. Ƙashin bayansa MEDLINE ne, mujallu sama da 5,000 da aka tantance. Google Scholar ya fito a 2004, shi kuma tsintau ne: muƙala, kundin digiri, takardar taro, har da mujallun da ke buga komai in an biya kuɗi. Ba ya bayyana iyakar abin da ya tara, ba ya nuna fiye da sakamako 1,000, akwatin nemansa yana yanke rubutu bayan haruffa 256, kuma abin da ya ba ki yau ba lallai ya ba mai duba aikinki gobe ba. A babin da za a tambaye ki yadda kika nemo, wannan babbar illa ce.

Fifikon PubMed yana cikin MeSH, wato daidaitattun kalmomin da ake liƙa wa kowace muƙalar MEDLINE. Marubucin Ingila ya rubuta anaemia da hydroxycarbamide, na Amurka ya rubuta anemia da hydroxyurea, amma duk a ƙarƙashin kanu ɗaya za ki same su. Kada ki zuba jimla guda a akwati. Ki raba tambayar gida biyu, cuta da magani. A shafin Advanced, ki zaɓi MeSH Terms ki sa Anemia, Sickle Cell, sannan ki zaɓi Title/Abstract ki sa sickle cell, ki haɗa su da OR. Wannan shi ne #1. Ki yi haka ga maganin da sunayensa biyu, ya zama #2. Sai ki nemi #1 AND #2. Dole a haɗa da Title/Abstract domin sabuwar muƙala, da wadda ba ta cikin MEDLINE, ba su da MeSH.

Inda ake faɗuwa: PubMed yana karanta AND da OR daga hagu zuwa dama, don haka cakuɗa su a layi ɗaya ba tare da rukunta su cikin baka biyu, wato ( ), ba yana canza ma'anar neman gaba ɗaya, kuma da manyan baƙaƙe ake rubuta su. Alamar zance ko tauraro a ƙarshen kalma suna kashe fassarar da PubMed ke yi da kansa zuwa MeSH, ki duba Details ki ga abin da ya nema a zahiri. Matatar (filter) shekarun yara da ke gefen shafin sakamako ta dogara ne da MeSH, tana zubar da sababbin muƙalu. Matatar Free full text ta fi kowacce ɓarna, domin tana ɓoye aiki mai kyau don kawai na kuɗi ne. Matatun kuma suna nan maƙale har ki cire su da hannunki. Sau da yawa wannan ne ke sa sakamako ya yi kaɗan.

Kada ki yi saurin ƙara Nigeria da AND. Za ki samu gwajin SPRING da aka yi a arewacin Najeriya kan kare yara masu sikila daga shanyewar ɓarin jiki da hydroxyurea, wanda ya fito a 2022, amma ki rasa REACH na 2019 da aka gudanar a Angola, Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, Kenya da Yuganda. Waɗannan biyun ma su zama ma'auninki: neman da bai kamo su ba yana da ɓula.

Aikin Scholar yana farawa bayan nan. Ki ɗauki muƙalu biyar ko shida mafi muhimmanci, ki danna Cited by ki ga waɗanda suka ambace su daga baya, ki danna All versions ko akwai kwafin kyauta. A nan PubMed bai kama ƙafarsa ba.

Akwai gurbin da PubMed ya bari, Scholar kuma bai cike shi da tsari ba: mujallun Afirka da yawa ba sa cikin MEDLINE, sai a AJOL (African Journals Online) ko African Index Medicus na Hukumar Lafiya ta Duniya. Tunda maganarki ta magani ce, Embase, wani rumbun muƙalun likitanci da magunguna, zai ƙara miki mujallun Turai da takardun taro, sai dai na biyan kuɗi ne. Cikakken rubutu kuwa, ki fara da PubMed Central, ma'ajiyar cikakkun muƙalu ta kyauta, sannan ki tambayi ma'aikacin laburaren makarantarku ko suna da rajistar Hinari, shirin da ke buɗe wa makarantun ƙasashe masu tasowa mujallun kuɗi. Kowane nema ki rubuta ranar da kika yi shi, rumbun, ainihin kalmomin da adadin sakamakon, domin History na PubMed yana gogewa bayan awa 8 ba a taɓa shi ba.