Takardar tambayoyi ko zama a gefen tebur?

Mai wallafa labarin wasan tebur irin Dungeons & Dragons, inda 'yan wasa ke taka rawar jaruman labari, yana da hanya biyu ta jin ra'ayin 'yan wasa. Tambayoyi ta intanet suna tara jama'a da yawa. Da su kamfanin Wizards of the Coast, mai wallafa wasan, ya gwada dokokinsa tun 2012, kafin bugu na biyar na 2014. Sai dai mai amsawa ya riga ya huce, abin da ya tuna kawai zai rubuta.

A gefen tebur kuwa rukuni ɗaya za ka gani, amma da idonka: jagoran wasa yana jujjuya shafuka neman taswira, wani ya ɗauki waya ana tsakiyar faɗa a cikin labarin. Nan na fi karkata, domin ba kasafai ake rubuta inda labari ya yi sanyi ba.