Wasiƙa zuwa Garwa: Baffa, ga labarin bakan da kuka gani a hoto

Assalamu alaikum Baffa. Ina gaishe ku da fatan kuna lafiya, ku da iyali da duk mutanen Hausare. Yaya ya isar mini da saƙonku, cewa kun ga hoton bakan da na gyara, kuna so in nemo muku irinsa in aiko. Maganar ta fi ƙarfin waya, shi ya sa na zauna in rubuto muku yadda abin yake a nan Faransa, ku auna da kanku, tunda a hannunku na koyi ɗana kibiya.

Bakan ɗan Amurka ne, ƙirar kamfanin Bear, wanda wani maharbi mai suna Fred Bear ya kafa. Shi mutumin ya rasu tun 1988. A jikin bakan an rubuta Grayling, garin da masana'antar take a jihar Mishigan kafin ta koma Fulorida a 1978, kun ga ke nan ya haura shekara 45 a duniya. Akwai kuma 1953 a rubuce, wadda wasu masu sayarwa ke nunawa su ce shekarar ƙira ce don su ɗaga kuɗi, alhali shekarar da aka yi wa fasahar rajista ce kawai. Ba itace guda aka sassaƙa ba irin namu. Siraran katako ne aka manne da gam tsakanin falle biyu na zaren gilashi, sannan ƙarshensa na sama da na ƙasa suka lanƙwashe suna kallon gaba. Wannan lanƙwasa ce ke ƙara wa kibiya gudu, har gajeren baka ya yi aikin dogo.

Inda mutanen nan suka fi mu, kuma ba na jin nauyin faɗa, shi ne awo. A gefen mariƙin an rubuta tsawonsa, inci 58, wato kusan mita ɗaya da rabi. An rubuta ƙarfinsa, fam 45, kimanin kilo 20, idan aka ja tsirkiya inci 28. Da waɗannan lambobi kaɗai mutum zai zauna a ɗakinsa ya yi odar tsirkiya da kibau ta intanet daga wurin wanda bai taɓa ganin bakan ba, kafin mako ya zagayo an kawo su ƙofar gida, kuma su dace cif. Kibau ma ana auna taurinsu. Wadda ta yi wa baka laushi ko tauri za ta riƙa karkacewa komai iya harbinka. Mu a gida ido da yatsa ke zaɓen kyauro, gwani irinku ba ya kuskure, amma yaron da bai zauna gaban gwani ba ba shi da abin da zai dogara da shi.

Kaya kam akwai su. Hannun da zai gyara ne babu. Lokacin da bakan ya shigo hannuna fentinsa ya tsattsage, tsirkiyar ta ruɓe, reshen ƙasa ya ɗan murɗe. Na kai shi wani shagon kayan harbi, mai shagon ya karɓe ni da mutunci, ya juya shi, ya ce su ba sa taɓa tsohon baka, don in ya karye a fuskar mutum su za a kama. Ya nuna mini sababbi masu ƙafafun juyi a bakinsu. Masu ƙera baka da hannu suna nan, amma ƙalilan ne, a warwatse, sai an yi alkawari da su tun da wuri, kuma ladan aiki da awa ake lissafa shi. Yuro ɗaya kusan sefa 656 ne. In aka haɗa ladan gyaran da kuɗin aikawa, ya fi kuɗin da na sayi bakan. A nan ne na tuna kasuwar Pitowa ranar Lahadi, inda maƙeri da baduku da masassaƙi suke kusa da juna, ka zauna a rumfa ana hira ana yi maka aiki, ka biya abin da ya sawwaƙa. Wallahi Baffa wannan arziki ne, kuma duk kuɗin mutum ba zai saye shi a ƙasar nan ba.

Don haka da kaina na yi. Abin da ake fara dubawa shi ne ko fallayen sun soma rabuwa, domin bakan da gam ɗinsa ya saki ya gama aiki, sai dai a rataye shi ado. Nawa lafiya lau. Murɗewar reshe kuwa ba a kai ta wuta yadda muke gasa gora ko kyauro mu miƙar, wuta kashe gam take yi. Ruwan ɗumi na sa, wanda hannu ke iya jurewa, in murɗa reshen ta ɗaya gefen, in riƙe har ya huce, in ɗaura tsirkiya in duba ko ta kwanta a tsakiyar kwarminta. Ba ya miƙewa a zama ɗaya, haƙuri yake so. Tsohon fentin na goge shi da takarda mai kaushi, a hankali, ba tare da na ci zaren gilashin ba, na kuma kewaye rubutun awon don kada ya ɓace. Ƙananan tsagun sama na ɗiga musu gam mai ruwa-ruwa, sannan na bi shi da man sheƙi, shafi bayan shafi.

Tsirkiya ce wurin da mutane suka fi kashe tsofaffin bakuna. Zaren zamani irin Fast Flight ba ya miƙewa, duk ƙarfin harbin yana komawa kan bakin reshe, kuma na wancan zamani ba a ƙarfafa bakinsu don haka ba, sai ya tsage. Dacron B-50 ake sa musu, mai ɗan sassauci. Na sa mai sili 14, na murɗa ta har tazararta da mariƙi ta kai wajen santimita 20. Ba a taka irin wannan baka da ƙafa a ɗaura shi, akwai igiyar da ake ɗaurawa da ita don kada reshe ya sake murɗewa. Ba a kuma sakin tsirkiya babu kibiya.

Sayen baka a nan ba ya bukatar takarda, farauta da shi ce ke bukata. Sai a 1995 Faransa ta tsara dokar farauta da baka, Ingila kuwa ta hana gaba ɗaya. Dole mutum ya ci jarrabawar lasisin farauta, ya yi yini guda na horo a kan baka, ya sabunta lasisin duk shekara, ya biya inshora. Kowace kibiya sai an rubuta mata lambar lasisin mai ita. Dafi haramun ne a dokarsu, babu maganar kwankwani, don haka sai ka matso dabba sosai, yawanci ƙasa da mita 20, da tsini mai kaifin aska. Wannan ya yi mini daɗi, don ya dace da abin da malamai suka karantar da mu, cewa abin da kibiya ta huda bayan an ambaci sunan Allah shi ake ci. Aladen daji ya fi yawa a dazukansu, ni ba ruwana da shi. Wata 'yar barewarsu mai gajeren ƙaho nake nema, ita ma a ƙidaye ake ba da izininta.

To Baffa, shawarata ita ce kada in aiko muku irin wannan baka. Zafin Garwa a watan Maris da Afrilu yana wuce digiri 40, cikin ɗakin kwano ko mota kuwa ya fi haka, kuma gam mai shekara kusan 50 ba zai daɗe a wannan yanayi ba. Ranar da ya saki, yana iya saki a lokacin da kuka ja shi kusa da ido, kuma babu mai mayar da shi daga Garwa har Marwa. Ga duwan, wato kwastan, ga ma'aikatan gandun daji da ba sa wasa da kewayen Benuwe da Faro da Buba Njidda. Naku kuwa ko ya karye, dajin da ya ba ku shi zai ba ku wani.

Abin da zan aiko shi ne ƙullin zaren Dacron, wanda ba ya jin damina yadda tsirkiyar fata ke ji, da magagari biyu masu kyau na wasa tsini. Ku sa Yaya ya auna mini bakanku daga baki zuwa baki, in haɗo da tsirkiya guda da na tufka, ku gwada. Ni kuma ina da bukata a wurinku. Fatar mariƙin nawa ta mutu, wadda ake sayarwa a nan ga tsada ga tauri, ba ta kama ƙafar jar fatar akuya ta Marwa ba. In an sami mai zuwa, a haɗo mini da ita, da ɗan curin kakin zuma na Ngaundare don shafa wa tsirkiya. A gaishe mini da Inna da su Goggo. Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana.