Gyaɗar hazal a kek ɗin burauni: ta daji ko ta kanti?

A ƙauyukan Ingila, daga Satumba zuwa Oktoba, mutane kan bi shingayen gona suna tsintar 'ya'yan hazal, masu kama da gujjiya amma a bisa itace. Sai dai kurege yakan riga kowa, wani lokaci tun ba su nuna ba. Abin da ya rage ma sai ka duba da kyau: ƙwarar da ke da ɗan rami a ɓawonta, tsutsa ta riga ta cinye cikin.

Ɗanyar hazal tana da ruwa-ruwa da garɗi kamar ɗanyar gyaɗa. Idan ka zuba ta haka nan cikin kwaɓin burauni, wato kek ɗin cakulan, za ta yi laushi, ƙamshinta ya ɓace. Dole a shanya ta, a fasa, a gasa kamar minti 10 a zafin digiri 180, sannan a murza cikin tsumma fatar ta fita, don tana da ɗaci. Aiki ne ja, kuma kwano guda na ɓawo ba ya ba da fiye da ɗan tafin hannu.

Ta kanti kuwa galibi daga Turkiyya take, yankin Giresun da Ordu a bakin Baƙin Teku. Ƙwayoyinta manya ne, a bushe, sai dai a daddaka kawai. Aibinta ɗaya: mai gare ta, in ta daɗe a leda sai ta yi hamami.

Ni dai a burauni ta kanti zan zuba, cakulan mai ƙarfi yana danne bambancin. Ta daji a ci ta ɗanya a gindin bishiyar.