Inasal ko lechon manok: wacce kazar za a fara ci?

Ɗan'uwanmu da ya tafi karatu birnin Manila na ƙasar Filifin ya ce akwai gidan cin abinci a unguwarsu da ke sayar da gasasshiyar kaza iri biyu, inasal da lechon manok, kuma yana son sanin bambancinsu kafin ya kashe kuɗinsa.

Malam, bambancin yana farawa ne tun daga wuƙa. Ita inasal yanka-yanka ake yi mata, a soke kowane yanki a tsinken gora, a ɗora kan garwashin gawayi. Ita kuwa lechon manok sukutum ake gasa ta, a cusa mata tafarnuwa da albasa da ciyawar nan mai ƙamshin lemo da suke kira tanglad, sannan a soke ta a ƙarfe ana juyawa har fatar ta yi ja.

Inasal ta fi shahara a birnin Bakolod da ke tsibirin Negros, da kuma Iloilo. Sirrinta yana cikin jiƙo: ana tsuma naman cikin ruwan khal na kwakwa, da ruwan wani ɗan ƙaramin lemon tsami mai suna kalamansi, da citta da tafarnuwa da tanglad. Yayin da take kan wuta, mai gashi yana ta shafa mata man da aka soya da wasu jajayen 'ya'yan itace da suke kira atsuete, kuma shi ne ke ba ta launin ruwan goro da za ka gani yana ƙyalli a fatar. Kada launin ya ruɗe ka ka ɗauka barkono ne, domin wanda ya saba da kazar mai suya da yajin ƙuli zai tarar da ɗanɗanon nan ya karkata ga tsami da ƙamshin hayaƙi. Idan kana son zafi, za a kawo maka ɗan faranti ka haɗa da kanka: ka matse kalamansi, ka zuba toyo, wato baƙin ruwan waken suya mai gishiri, ka murƙushe ƙananan barkono a ciki. Ana kuma ajiye kwalbar man kaza don yaryaɗawa a kan shinkafa, kuma da hannu mutanen wurin suka fi cin ta, abin da ba zai ba ka wahala ba.

Lechon manok ba ta da wannan hidimar. Kaza ce da ake sarawa a ƙunshe wa mutum ya tafi gida da ita, namanta da laushi, ɗanɗanonta kuma ya ɗan karkata ga gishiri da zaƙi, saboda haka ta fi dacewa da ranar da kuka taru ku uku ko huɗu a ɗaki.

Akwai abin lura ga Musulmi. Kalmar manok ita ce kaza, amma lechon ita kaɗai gasasshen alade take nufi, don haka kada ka gajarta sunan wajen oda. Haka nan miyar nan mai kauri da zaƙi da ake haɗawa da lechon manok, a gargajiyance da hantar alade ake yin ta, sai ka ce a bar maka ita, a ba ka khal ko atsara, wato ɗanyar gwanda da aka tsuma. Ka kuma tambayi yankan kazar, da ko ana gasa wani naman a kan waya ɗaya da ita.

Idan waɗannan sun yi daidai, ni inasal zan ce ka fara da ita, kuma ka nemi paa, wato cinya haɗe da ƙafa, domin pecho, tsokar ƙirji, tana saurin bushewa a kan garwashi.