Jikka 185 ya ci mini a kan launin bafle, ku yi hattara da wani mai tallar kayan sauti daga Yamai

Jama'ar Tawa, musamman mata masu haɗa kayan ɗaki, akwai wani mutum da ke tallar bafle da ampili a Facebook, yana cewa shagonsa na Yamai kusa da Babbar Kasuwa. Ɓarawo ne. Jikka 185 ya ci mini. Jikka ɗari da tamanin da biyar, kwasar adashina ce guda, na ware ta don ɗakin ƙanwata.

Kuma kafin wani ya zo yana tambayata me ya kai ni saye a waya, ya tsaya tukuna. Ni ba yarinya ba ce. Atamfa da leshi nake sayarwa, na daɗe ina tura kuɗi Yamai da Ƙonni ana sako mini kaya a kar ina zuwa tasha ina ɗauka, ko dala ba ta taɓa ɓata ba. Wa ke cin kasuwa a garin nan ba ta haka ba?

Abin da nake nema ba wani abin a zo a gani ba ne. Gadon yarinyar da kabet da teburin tele duk ruwan makuba ne, mai zanen katako. Na zaga kasuwar Tawa, duk bafle ɗin da na gani baƙi ne mai sheƙi, ko mai fitilu ja da kore suna wal-wal. Wanda ya zauna garin nan lokacin hazo ya san baƙi mai sheƙi wahala ne. Ki goge da safe, kafin azahar ya yi fari fat. Yaro ya dafa, yatsunsa biyar na nan. Ki sa tsumma ki goge da ƙurar a kai, ya kwarzane, shi kenan sheƙin ya tafi. Fari kuwa ba a magana, jan ƙasarmu ba ta barinsa. Ruwan katako mara sheƙi shi ke ɓoye ƙura, shi kuma ya dace da ɗakin. Har gobe a kan wannan nake, zaɓina daidai ne.

To ta nan ya kama ni. Na tambaye shi ko yana da ruwan makuba, sai ya turo murya. Na saurari muryar nan har na haddace ta. Ya ce, "Hajiya, ke kin san kaya. Baƙi mai sheƙi ya fi tsada, ni ya fi mini riba, amma wallahi da ƙanwata ce ba zan bari ta kai shi Tawa ba." Ku ji fa. Ɗan kasuwa yana hana ki mai tsada. Wace ce za ta ji haka ta ce macuci ne? Sannan ya turo bidiyo, yana tsaye cikin shago cike da kaya, ya ƙwanƙwasa gefen bafle da bayan yatsa, ƙwan ƙwan, ya ce, "Ji nan Hajiya, katako ne zalla." Ina zaune kan tabarma a tsakar gida na mayar da bidiyon baya na nuna wa mai gidana, shi ma ya ce kayan sun yi. "Ke kin san kaya." Allah ya isa.

Jikka 160 ya yi mini kuɗin bafle biyu da ampili. Na tura 100. Da ya nuna mini hoton kwali a tasha na tura 60. A'a, kafin 60 ɗin ne ya kira da dare ya ce launin nan ba kowa ke da shi ba, sai na ƙara 25 don katako na gaskiya ne. Na tura 25. Ashirin da biyar ɗin nan ta fi ci mini rai a kan duk sauran, don kuɗin launi ce kawai. 100 da 25 da 60. Resi uku suna hannuna. Sunan da ke kan resin ba shi ne na Facebook ba, na kuma tambaya tun a lokacin, ya ce yaron shagonsa ne. Kowane ɗan kasuwa yana da yaro mai karɓar masa kuɗi, ni ma ina da shi.

Kayan sun iso an naɗe su da salatif ta ko'ina. Shi ya ce kar a buɗe sai ranar jere don kar ƙura ta shiga. Ranar jere ɗaki cike, gwaggonninmu suna nan, dangin ango suna nan. Ina jawo na farko daga kwali, farcena ya kama kusurwa, sai launin ya biyo hannuna. Leda ce. Irin ledar nan mai gam da ake saye mita-mita a manna wa tsohon kabet. Ƙarƙashinta tsohon bafle ne baƙi, duk kwarzane. Ledar ta yi ƙuraje inda iska ta shiga, zanen katakon na ɗaya a tsaye, na ɗayan a kwance, ko daidaita su bai tsaya yi ba. Wata daga dangin ango ta leƙo ta ce, "Hajiya, na gwanjo ne aka yi wa lalle?" Aka yi dariya. Ƙanwata ta sunkuyar da kai. Ban san yadda na fito daga ɗakin ba.

Na manta ban faɗa ba, tun a tasha yaron da ya ɗauko kwalin ya ce ba nauyi. Na ce ai na zamani haka suke.

Mai gyaran rediyo na unguwarmu ya kwance bayansu a gabana. Ba katako ba ne, garin katako ne da aka matse, gindin ɗayan ma ya kumbura, ya taɓa shan ruwa. Ɗan ƙaramin lasifikan da ke sama, wanda ke ba da siririn sauti, roba ce kawai ta ado, ko waya ba a haɗa mata ba. A jikin kwali an rubuta 5000W PMPO da manyan baƙaƙe. Ya juya ampilin ya nuna mini inda aka rubuta wutar da yake ja, 60W. Ya ce abin da ke jan 60 ta ina zai fitar da 5000, RMS ake dubawa, wato ma'aunin ainihin ƙarfin da yake fitarwa, PMPO lambar talla ce kawai. Ya kuma ce yawancin bafle na gida dama allon MDF ne, wato garin katako da aka matse, da aka rufe da leda tun daga kamfani, wannan ba aibu ba ne, inji ke manna ta ba ta ɓarewa da farce. Mai fatar katako na gaskiya yana da tsada, kuma zanensa ba ya maimaita kansa, na bugawa ne za ki ga ƙulli iri ɗaya nan da can. Jikka 185 na biya. Ya ce duka kayan ko 30 ba zai saya ba.

Na kira mai tallar a daren. Ya ɗauka, har da salati. Wai an yi musayar kwali, nawa ya wuce Agadas, in yi haƙuri Hajiya gobe-gobe za a dawo da shi. Gobe ta yi, lambar a kashe. WhatsApp ya toshe ni. Ɗan yayata da ke karatu a jami'ar Abdou Moumouni ya tsallako gada daga Harobanda ya bi layin masu kayan wuta a Babbar Kasuwa da bidiyon a hannu, ya je har kasuwar Katako. Ya samu shagon da ke cikin bidiyon. Na wani bawan Allah ne daban, bai san mutumin ba. Ɓarawon shiga ya yi kamar mai saye, ya ƙwanƙwasa kayan mutane, ya ɗauki bidiyo ya fita.

Abin da ya hana ni barci jiya, wata baiwar Allah daga Ƙonni ta turo mini muryar da ya yi mata. Ita fari take so. Ya ce mata, "Hajiya, ke kin san kaya, ruwan katako na tsofaffi ne." Murya ɗaya, rantsuwa ɗaya.

Hotunan hirarmu da resi uku da bidiyon ledar tana ɓarewa duk zan sa su yau da dare in wuta ta dawo na caja waya. Ba zan goge komai ba.

Kar ku tura ko dala sai wani naku ya je ya ɗaga kayan da hannunsa, ya sa farce a kusurwa. Ku buɗe kwali a tasha. Na kai ƙara komisariya, sun ce in akwai wasu da ya cuta su zo da resinsu. Wadda ya taɓa ta yi mini magana ta ciki, mu tafi tare.